FASHIN BAƘI: Wa ke biyan mai kwashe shara a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, kuma me doka ta ce haƙƙinsa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura da asuba ya san yadda garin Kazaure yake farkawa. Kafin masu shayi su gama hura wuta, akwai waɗanda suka riga kowa fitowa da tsintsiya da shebur da baro, suna tattara abin da jiya ta bari a bakin titi da ƙofar kasuwa da tasha. Rana na ɗagawa sun watse. Galibi ba a tunawa da su sai ranar da ba su fito ba, lokacin da wari ya ishi masu shaguna, leda ta toshe lambatu.

A ranar 29 ga Yuli, 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. A watan Oktoban shekarar, Gwamna Umar Namadi ya amince da wannan adadi ga ma'aikatan Jihar Jigawa. To shin wannan kuɗi ya shafi mai tsintsiyar nan? Amsar ta rataya ne a kan sunan da aka ba shi a takardar ɗaukar aiki, idan ma an ba shi takardar. Wannan bayani zai bi diddigin yadda suna guda, wato "ma'aikacin wucin gadi", yake raba mutum da haƙƙoƙin da doka ba ta hana shi ba.

Su wane ne masu kwashe shara?

Ƙananan hukumomin nan huɗu duk suna shiyyar ɗan majalisar dattawa ta Jigawa ta Arewa maso Yamma. Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure, Babura kuma tana ƙarƙashin Masarautar Ringim. Kazaure gari ne na kasuwanci da makarantu, cikinsu har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Babura, wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Roni da Gwiwa sun fi karkata ga noma da kiwo. Sharar da ake tarawa a waɗannan wurare ba iri ɗaya ba ce, haka ma masu kwashe ta sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko su ne ma'aikatan dindindin, waɗanda sunayensu ke cikin jerin albashin ƙaramar hukuma ko na jiha, suna da mataki, ana cire musu kuɗin fansho. A cikinsu akwai jami'an duba-gari, waɗanda aikinsu sa ido ne da tabbatar da bin dokar tsafta.

Kashi na biyu su ne leburori da masu shara na wucin gadi. Hukuma ce ke sa su aiki, amma abin da ake ba su "alawus" ake kiran sa, ba albashi ba. Su ne jigon wannan bayani.

Kashi na uku su ne masu zaman kansu: matasa da yara, cikinsu har da almajirai, da ke bin gida-gida da baro ko buhu, a ba su abin da aka ga dama su kai shara juji.

Kashi na huɗu su ne 'yan jari-bola, masu tsintar ƙarfe da roba da gwangwani su sayar wa dillalai bisa kilo. Kusa da su akwai manoman da ke ɗibar takin bola su kai gona kafin damina, al'adar da ta daɗe a ƙasar Hausa. A da, sharar gida toka ce da kashin dabbobi da ɓawon hatsi, gona na shanye ta. Yau leda da jakunkunan ruwan sha sun cika ta, ba sa ruɓewa, kuma akuyar da ta haɗiye su tana iya mutuwa. Aikin ya ƙaru, ya kuma ƙara haɗari.

Alhakin wa ne?

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan tambaya a duhu ba. Jadawali na Huɗu, wanda ya jero ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu samar da makewayin jama'a da kula da su, da zubar da ƙazanta da shara. Ya kuma ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da magudanan ruwa, wato ainihin wuraren da shara ta fi taruwa. A ɓangaren jiha kuma akwai Ma'aikatar Muhalli da Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Jigawa, JISEPA, wadda ke da hannu a ayyukan tsafta da yashe magudanai.

Inda aiki ɗaya yake hannun hukumomi biyu, lebura yana iya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan kuɗinsa bai fito ba. Shekara da shekaru ƙananan hukumomi a faɗin Najeriya suna da uzuri guda: kuɗinsu na shiga asusun haɗin gwiwa da jiha, kamar yadda sashe na 162 na Kundin ya tsara. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a ƙasar, amma ya sauya inda ya dace a kai tambaya. Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoba na 2024, jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 27 gaba ɗaya. Ke nan a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa akwai zaɓaɓɓen shugaba da kansiloli da suka nemi ƙuri'a, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙofar da dokar albashi ta bari a buɗe

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya faro ne da Naira 125 a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ya kai Naira 18,000 a 2011, ya koma Naira 30,000 a 2019, sannan Naira 70,000 a 2024. Gyaran 2024 ya kuma rage wa'adin sake duba adadin daga shekara biyar zuwa uku. Abin da bai taɓa ba shi ne jerin waɗanda dokar 2019 ta keɓe.

Sashe na 4 na dokar ya ce ba ta hau kan waɗannan ba: masu aikin rabin lokaci, masu karɓar kamasho ko ladan jinga, wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aikin da ke bin yanayi kamar noma, da ma'aikatan jiragen ruwa da na sama. Mai karatu ya sake duba jerin da kyau. Babu inda aka ambaci "wucin gadi" a cikinsa. Ƙaramar hukuma kuwa ta wuce ma'aikata 25 nesa ba kusa ba, shara kuma ba ta da damina ba ta da rani.

Saboda haka hujjar da ta rage wa duk hukumar da ke biyan mai shara ƙasa da Naira 70,000 ita ce ta ce aikinsa na rabin lokaci ne: sa'o'i kaɗan da safe, sai ya tafi neman wani abin. Ga wasu masu sharar titi wannan yana iya zama gaskiya. Amma leburan da ke loda tifa, ya bi ta juji, ya dawo ya shiga kwata da shebur, kwana shida a mako, shekara biyar ko goma a jere, da wuya a kira shi mai rabin lokaci sai dai a takarda. Wanda ba shi da takardar da ta fayyace sa'o'insa kuwa ba shi da abin da zai nuna wa alƙali. Rashin takarda shi ne tushen matsalar, ƙarancin kuɗin reshe ne.

Darasin da ke maƙwabta

Jigawa daga jikin Kano aka cire ta a 1991, kuma abin da ya faru a Kano ya isa misali. A 2021 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa aikin kwashe sharar birnin ga wani kamfani mai zaman kansa, Capegate, a madadin hukumar REMASAB. Bayan kimanin shekara guda, shara ta yi tsibi-tsibi a tituna, aka soke yarjejeniyar.

A farkon 2025 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da biyan bashin watanni tara da ma'aikatan tsafta 2,369 suka biyo ta, kuɗin da ya kai kimanin Naira miliyan 426. Idan aka raba wannan kuɗi, kowane mutum ya tashi da Naira 20,000 a wata, wato kusan Naira 667 a rana. Wannan a jihar da ta amince da Naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Ke nan ladan mai shara bai kai kashi ɗaya bisa uku na abin da aka ce shi ne mafi ƙaranci ba, shi ma sai da ya jira wata tara.

A tuna da lokacin da wannan jira ya faɗo. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Magidancin da ya yi wata tara babu biya a irin wannan yanayi, bashin mai shago da na maƙwabta ne ya riƙe gidansa, ranar da kuɗin ya fito kuma ba nasa ba ne.

Biyan bashin abin yabo ne. Amma darasin da ya kamata kansilan Roni ko na Gwiwa ya ɗauka shi ne: idan a birnin da ke cike da gidajen rediyo da 'yan jarida ana iya riƙe kuɗin mutum dubu biyu da ɗoriya tsawon wata tara, leburori 'yan ƙalilan a garin da ba shi da wakilin jarida sun fi buƙatar mai sa ido.

Dokokin da ba su ware ɗan wucin gadi ba

Ko da an ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wani ma'aikaci ba, akwai dokoki biyu da ke tsaye a bayansa.

Ta farko ita ce Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ya koma 1974, kuma an yi ta ne musamman domin masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikata. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin cikar wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin da ladansa da lokacin biya da sa'o'in aiki da sharuɗɗan hutu da na sallama. Sashe na 15 ya hana a wuce wata guda ba a biya lada ba. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci damar hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da biya, idan likita ya tabbatar. Sashe na 18 ya ba shi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida bayan ya cika wata 12 yana aiki.

Ta biyu ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Wannan doka ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da na rabin lokaci ƙarara a cikin waɗanda take karewa, ko da baki aka yi yarjejeniyar aikin, kuma ta haɗa da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Mai ɗaukar aiki ne zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga ladan ma'aikaci. Idan aka ji rauni a bakin aiki, ma'aikaci ko iyalansa su sanar da shugaban aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana bakwai, a nemi diyya kafin shekara ta cika. Yawancin waɗanda aka yi dokar dominsu ba su taɓa jin labarinta ba, kwanakin kuma ba sa jiran wanda bai sani ba.

Inda aka tauye waɗannan haƙƙoƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana da reshe a Kano. Sai dai wanda ke karɓar abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba a rana ba zai ɗauki lauya shi kaɗai ba.

Abin da ɗan wucin gadi ya fi asara shi ne tsufansa. Jigawa tana alfahari da tsarin fanshonta na karo-karo, wanda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ɗan Kazaure, har wasu jihohi na zuwa koyon sa. Amma tsarin na waɗanda aka tabbatar a aiki ne. Wanda ya shekara ashirin yana shara da sunan wucin gadi, ranar da ƙarfinsa ya ƙare, tsintsiyar kawai zai ajiye ya tafi.

Abin da ke cikin bola

Bolar gari ba ta tantance abin da ake zuba mata. Akwai fasassun kwalabe da tsatsattsen ƙarfe da reza, akwai alluran da aka yi amfani da su a shagunan magani da gidaje, akwai robobin maganin ƙwari da na feshin ciyawa, akwai bayan gida a leda. Yankan tsatsattsen ƙarfe na iya jawo cutar sarƙe-haƙora, sukar allura na iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B, cututtuka biyu da dukansu suke da allurar rigakafi. Hayaƙin ƙona leda na lalata huhu, zafin bazara na watan Afrilu da Mayu a wannan yanki kuma yana haura digiri 40.

Kayan kariyar da ake buƙata sanannu ne: safar hannu mai kauri, dogon takalmin roba, takunkumi, riga mai ƙyalli domin direbobi su hango mai shara da duku-duku, da sabulu da ruwan wanke hannu. Mai karatu ya duba ƙafar mai shara na gaba da zai gamu da shi, ya ga ko takalmin aiki ne ko silifas.

Lamarin bai tsaya kan lafiyar ma'aikacin kaɗai ba. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A 2022 ambaliya ta yi wa jihar mummunar illa. A cikin gari, lambatun da leda ta cushe shi ne ke juyar da ruwan sama zuwa gidajen ƙasa da rijiyoyi. Mai shebur ɗin da ke yashe shi kafin damina ma'aikacin lafiya ne, ko da ba a rubuta shi a haka ba.

Batun yara kuma ya fi ɗaci. Dokar Ƙwadago ta hana sa yara ƙanana aikin da zai cutar da lafiyarsu, Jigawa kuma ta samu dokar kare haƙƙin yara a ƙarshen 2021. Duk unguwar da hukuma ba ta kai mota ko baro ba, yaro ne ke cike gurbin, da hannu tsirara, a kan ɗan canjin da bai kai kuɗin biredi ba.

Tsintsiya maɗaurinki ɗaya

Ƙungiyar NULGE ita ce muryar ma'aikatan ƙananan hukumomi, amma ƙarfinta yana kan waɗanda ake cire wa kuɗin ƙungiya daga albashi. Ɗan wucin gadi, wanda sau da yawa ta hannun wani ɗan siyasa ya samu gurbin, yana tsoron ya buɗe baki a maye gurbinsa kafin azahar. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki kuwa ya ba kowane mutum 'yancin shiga ƙungiya domin kare muradunsa, bai ce sai mai takardar dindindin ba.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna abin da haɗin kai ke iya yi. A birnin Memphis na Amurka, motar shara ta matse ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, har lahira a ranar 1 ga Fabrairu, 1968. Kwanaki kaɗan bayan haka ma'aikata kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King birnin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare hukumar birnin ta amince da ƙungiyarsu da ƙarin lada. A birnin Pune na Indiya kuma, 'yan jari-bola, akasarinsu mata, sun kafa ƙungiya a 1993, daga baya suka kafa gamayyar SWaCH wadda ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin a 2008: su bi gida-gida su karɓi shara, gidaje su biya su ƙayyadadden kuɗi a wata, abin da suka tsinta nasu ne, hukuma kuma ta taimaka da kayan aiki. Tsari irin wannan ba ya buƙatar biliyoyi, kuma garin da ke da ƙungiyoyin mahauta da na direbobi da na 'yan kasuwa ba baƙo ba ne ga irinsa.

Tambayoyin da suka kamata a yi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan unguwa a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa tana iya rubuta wa sakatariyar ƙaramar hukumarta wasiƙa mai tambayoyi shida:

1. Masu shara da leburorin tsafta nawa ne ke aiki, nawa ne na dindindin, nawa ne na wucin gadi?
2. Nawa ake biyan kowane rukuni a wata, kuma wane wata aka biya na ƙarshe?
3. Ta banki ake biya ko a hannu, kuma wa ke tantance sunayen domin kada na bogi su shiga?
4. Mutum nawa ne cikinsu ke riƙe da takardar da sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta?
5. An yi musu rajista da NSITF da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA?
6. Nawa aka ware a kasafin kuɗi domin kayan kariya da allurar rigakafi, nawa aka kashe?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka. Shugaban ƙaramar hukumar da ke biyan mutanensa daidai zai amsa su cikin sa'a guda, kuma amsar talla ce a gare shi. A nasu ɓangaren, gidaje na iya fara abin da ke hannunsu tun yau: a ware kwalba da allura da reza a cikin gwangwani mai murfi kafin a zuba a shara, a daina miƙa wa ƙaramin yaro kayan da babba ma ke tsoron ɗauka.

Jam'iyyar da ke mulkin Jigawa da ƙananan hukumominta 27 tsintsiya ce alamarta. Lokacin yaƙin neman zaɓen 2027 za a ɗaga dubbanta a filayen taro na Kazaure da Babura. Idan an watse, wasu ne za su zo da asuba da tasu tsintsiyar su share filin. Kafin a kai wannan rana, ya dace masu ƙuri'a su san nawa ake biyan su, kuma yaushe.